Waƙar Buta, Ko Kuwa: Ya Halatta A Yi Dariya A Gidan Da Ake Kuka?



Ni malamin Larabci ne a wata makarantar sakandare a garin Gadarif, gabashin Sudan. Shekara 23 ke nan ina koya wa 'ya'yan mutane Mu'allaƙat da Mutanabbi da ma'aunan Halilu, ina cire musu maki idan suka karya baiti. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san irin wanda ke magana da shi, wato mutumin da ya tashi da imanin cewa waƙar kirki sai an sha wuya kafin a gane ta, kuma duk wadda ta shiga kunne ba tare da an buɗe ƙamus ba, to abin wasan yara ce. Irin wannan mutumin ne wata 'yar waƙa a kan buta ta hana barci, har yau kuma bai gama sasantawa da ita ba.

Ga 'yan'uwa na Kano da Sakkwato da Maraɗi waɗanda ba su san da zamanmu ba, bari in ɗan gabatar da mu. Kakan mahaifina yana cikin mutanen da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a har bakin kogin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Wasu kuma niyyar Makka ce ta fito da su, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya noma don su tara na ƙarasawa, noman ya riƙe su har jikoki da tattaɓa-kunne. Namu gidan daga baya ya gangaro Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, mai baƙar laka wadda idan damina ta sauka takan ƙwace wa mutum takalmi a tsakiyar hanya. A waje Larabci muke yi, a cikin gida Hausa. Bokon Hausar da nake rubuta muku da shi kuwa, daga rediyo da littattafan da alhazai ke barin mana na tsince shi, saboda haka a yi mini afuwa inda ya karkace.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. A watan Disamba na wannan shekarar Wad Madani ta faɗi, mutanen da suka gudo daga Hartum suka fake a can suka sake ɗaukar ƙullinsu, da yawansu suka nufo mu. Makarantu suka zama masaukai, har da wadda nake koyarwa. Gidana mai mutum 7 ya wayi gari da mutum 26: yayata da 'ya'yanta, Gwaggo ƙanwar mahaifinmu, wani ɗan baffana likita, wani kafinta maƙwabcinsu da ba shi da kowa a Gadarif, da matar wani ƙaninmu wadda mijinta ya fita neman man mota a ranar da za su baro Madani, bai dawo ba. Ita wannan baiwar Allah tun da ta iso ba wanda ya ji muryarta, in ban da amsa sallama.

Makewayi ɗaya ne a gidan. Buta biyu, ɗaya ma tana yoyo. Ruwa kuwa, ko a zaman lafiya Gadarif gari ne mai ƙishirwa, masu amalanken jaki da muke kira karo su ke sayar mana da shi ganga-ganga. Sai mai karatu ya ƙiyasta yadda asubarmu take.

A cikin waɗannan kwanaki na zauna na tsara marsiyya ga Hartum, baiti 64 a baharin Ɗawil, da Larabcin da na tabbata ko malamaina sai sun jinjina. Na kira gadoji da sunayensu, na kira mahaɗar koguna biyu, na kwatanta birnin da Bagadaza ranar da Tatar suka shige ta. Wani dare bayan lisha na karanta wa mutanen gida. Suka yi tsit har na gama. Yayata ta ce, "Masha Allahu, Malam." Likita ya farka ya ce, "Masha Allahu." Aka tashi.

Bayan kamar mako guda, ɗan yayata, wanda yaƙi ya katse wa karatun injiniya a jami'a, ya ce shi ma yana da 'yar tasa. Babu lantarki a daren, muna zaune a tsakar gida ana shan jabana, wato gahawarmu mai citta. Ya haska wayarsa ya fara:

Jiya ina da gida, ina da mota,
Yau ba ni da ko murfin buta.
Likita na layi a bayan kafinta,
Kowa ya matsu, babu mai cewa a huta,
Kai da ke ciki, ji tsoron Allah ka fita.

Haka ya ci gaba, yana bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi yadda Gwaggo ke ɓoye buta mai kyau a ƙarƙashin gadonta tun dare, da yadda shi kansa ya taɓa yin tarin ƙarya a ƙofar makewayi har tarin ya zama na gaske, da yadda Kawu, wato ni, ke shiga da littafi. Gida ya kaure. Kafinta ya faɗo daga kan benci. Gwaggo tana share hawaye tana cewa, "Allah ya shirye ka, mijin banza, ni za ka tona wa asiri?" Can sai muka ji wata dariya da ba mu san da ita ba. Matar ƙaninmu ce. Ta toshe baki da mayafi, dariyar tana fin ƙarfinta, daga nan ta juye kuka, Gwaggo ta jawo ta jikinta. Washegari ita ta dama mana kunu, har ta yi wa yara faɗa.

Ni kuwa raina ya ɓaci, kuma sai da na yi kwanaki kafin in yarda da dalilin ɓacin. Abin da na gaya wa kaina da farko shi ne, bai dace ba. Ana kashe mutane, ba a san inda ɗan'uwanmu yake ba, yaro ya tashi yana wasa da maganar makewayi. Abin da ke ƙasan wannan kuwa, wanda na ɓoye wa kaina, kishi ne tsagwaronsa. Na kwana goma ina auna baitoci, ban sami ko ɗigon hawaye ba, shi ya yi tasa a layin buta ya sami hawaye da dariya a zama ɗaya. Na faɗi wannan ne domin na lura da yawa daga cikinmu masu sukar waƙa mai sauƙi, idan aka tona, za a tarar akwai wata ƙasida tamu a aljihun tebur wadda ba wanda ya haddace.

Amma ko an cire kishin, tambayar tana nan, kuma ba ni kaɗai na yi ta ba. Yaran gida sun ɗauki waƙar a waya, ta bi WhatsApp ta zagaya unguwa, ta shiga makarantun da 'yan gudun hijira ke kwana. Limamin masallacinmu, dattijo mai tsantseni wanda nake girmamawa, ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Ustaz, ka ja wa ɗanka kunne. Lokacin jarrabawa lokacin komawa ga Allah ne." Ya tuna mini hadisin da ya yi gargaɗi a kan yawan dariya da abin da take yi wa zuciya. Ban yi masa musu ba, don maganarsa tana da tushe. Sai dai da na koma gida na buɗe Ihya'u, a babin aibobin harshe, na tarar Imamu Gazali ya raba abin gida biyu: raha daban, izgili daban. Raha ya hana yawaita ta da yin ƙarya a cikinta, amma ya kawo misalan yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa iyalinsa da sahabbansa raha ba tare da ya faɗi abin da ba gaskiya ba. Har cikin sahabbai akwai Nu'aimanu, wanda aka sani da barkwanci, kuma mutumin Badar ne. Da na auna waƙar buta da wannan ma'auni sai na rasa inda ta yi ƙarya. Likita ya tsaya a bayan kafinta, da idona na gani. Zuciyar da na ga waƙar ta taɓa kuwa, wadda ta yi wata guda a sandare ce, ta motsa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, na san duk wannan a cikin littattafan da nake koyarwa, ban dai taɓa ɗaukar sa da muhimmanci ba. A zamanin Haruna Rashid an yi wani mawaƙi, Abu Shamaƙmaƙ, wanda ya bar yabon sarakuna ga masu iyawa ya koma yana waƙe talaucin gidansa, gidan da ɓeraye suka yi ƙaura daga cikinsa don babu abin ci, kyanwa ta zauna tana ƙorafi. Jahizu ya cika littafi guda da labaran marowata. A Masar ta ƙarnin da ya wuce, Husaini Shafiƙ al-Misri, wanda ya rasu a 1948, ya ɗauki Mu'allaƙat ɗin nan da nake tsoratar da ɗalibai da su ya juya su zuwa waƙoƙin ban dariya a kan rayuwar talakan Alƙahira. Irin wannan waƙa ita ake kira halamantish, ta kuma shigo Sudan ta sami gindin zama a wurin ɗaliban jami'a, suna waƙe aljihu wayam da wake mai ruwa-ruwa na ɗakin cin abinci da budurwar da ta auri mai kuɗin Saudiyya. Ina ɗalibi na sha tsayawa a bayan taro ina dariya, in koma ɗaki in ce wannan ai ba adabi ba ne.

A ɓangaren Hausa ma haka. Mahaifina yana da Imfiraji na Aliyu Namangi da ajami, yakan rera shi da dare har muryarsa ta yi rawa saboda ambaton kabari da hisabi. Sai da na girma na san cewa wannan makahon malami na Zariya, mai sa mutane kuka, shi ne kuma ya zauna ya tsara wa keke waƙa ta raha. Alhaji Umaru Salga, mutumin Kano da ya rasu a Kete Karachi ta ƙasar Gana a 1934, malami ne na gaske, amma cikin abin da aka fi tunawa da shi akwai waƙarsa ta talauci da wadata, inda ya bi yadda ake karɓar mai shi da yadda ake karɓar marar shi a taro. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya ɗauki karen mota, mutumin da ba mai kallonsa sau biyu a tasha, ya yi masa waƙar da ta rayu bayan mawaƙin ya rasu a 2015. Ga 'yan kama, masu shigar malamai suna wa'azi a kan tuwo da nama, malaman na gaske suna cikin masu dariya. Al'ummar da ta haifi Shehu Usmanu da Nana Asma'u ita ce dai ta bar wa waɗannan fili, ba ta ga sun ci karo ba.

To me ya sa irin wannan waƙa take kama mutane haka? Na daɗe ina cewa saboda ragwanci ne, mutane ba sa son wahalar tunani. Yanzu na janye. Da farko dai sauƙin nata yaudara ne. Masana balaga suna da suna ga irin wannan magana, sahlul mumtani'i, wato abin da kana ji za ka ce ni ma zan iya, sai ka ɗauki alƙalami ka gane ruwa ba sa'an kwando ba ne. A cikin ƙasidata, duk inda tunani ya ƙare mini sai in jawo wata tsohuwar kalma daga ƙamus in rufe ramin, mai sauraro ya ɗauka zurfi ne, ya zargi kansa da rashin sani. Mai waƙar buta ba shi da wannan mafaka. Kowa a tsakar gidan ya san buta kamar yadda ya san ta, idan ya ƙara gishiri ko ya rage za a kama shi nan take, idan kuma abin bai ba da dariya ba, babu mai yi masa kara da "Masha Allahu". Ana iya yi wa mutum shirun girmamawa na ƙarya, amma kafinta ba zai faɗo daga benci don kara ba.

Sai kuma wani abu da ban gane ba sai da na riƙa zuwa makarantarmu ina ganin yadda ake rubuta mutane. Ɗan gudun hijira kullum wani ne ke ba da labarinsa. Ma'aikacin agaji ya rubuta shi a matsayin lamba, gidan rediyo ya ambace shi cikin dubbai, mai wa'azi ya yi misali da shi, ni ma a ƙasidata na mayar da shi kufai da hawaye. Duk cikinmu ba wanda ya tambaye shi yadda asubarsa take. Ranar da ya ce "ba ni da ko murfin buta" ya yi dariya, shi ne mai ba da labari, wahalar ta koma abin da yake nunawa da yatsa. Ya ɗan fita daga cikinta ke nan, ko da taku ɗaya ne, ya tsaya yana kallonta. Mutumin da ruwa ya shanye gaba ɗaya ba ya iya kwatanta kogi. Ina jin abin da ya faru da matar ƙaninmu ke nan a daren, ko da yake ban taɓa tambayar ta ba, ba kuwa zan tambaya ba.

Wani abokina, malamin tarihi, wanda ya sha hayaƙi mai sa hawaye a zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Bashir a 2019, bai yarda da ni ba, kuma hujjarsa ta fi ta liman ciwo. Ya ce irin wannan waƙa ita azzalumi ya fi so. Tukunya ce ke tafasa, mai barkwanci ya zo ya ɗaga murfi, tururi ya fita, kowa ya koma layin buta cikin nishaɗi, ba wanda ya tambayi wa ya jefa likita da kafinta a wannan layin. Ya ce mutanen Sudan sun yi shekara 30 suna ba da labaran ban dariya a kan gwamnati, gwamnatin tana zaune daram. Na ce masa, in haka ne me ya sa aka kori Bairam al-Tunisi daga Masar saboda waƙoƙinsa na zambo, ya yi shekaru yana gararamba tsakanin Faransa da Tunis? Me ya sa Nasir da Sadat duka suka ɗaure Ahmad Fu'ad Najm, mai waƙar wake da nama? Mahjub Sharif namu, malamin firamare da ya rubuta da Larabcin kasuwa wanda kowace mai sayar da shayi ke ganewa, ya sha kurkuku a zamanin Numairi da na Bashir kafin rasuwarsa a 2014. Mai mulki ba ya ɗaure wanda ke sa masa jama'a barci. Abokina ya ce, "Waɗannan sun kira suna. Ɗan yayarka wa ya kira? Gwaggo?" Na rasa amsa. Gaskiya ne waƙar buta ba ta tuhumi kowa ba, ba ta ƙara mana ko kofin ruwa ba. Iyakar abin da zan iya cewa, mutumin da zai tashi ya nemi haƙƙinsa gobe sai ya kai goben da hankalinsa, kuma na ga abin da ya kai wasu. Ko wannan ya isa hujja, har yanzu muna ja da shi duk ranar da muka haɗu wurin mai agashe.

Inda abin ya juya mini, ba daga liman ko abokina ya zo ba. Yaron ya ji daɗin yabo, ya shiga yin waƙa kusan kullum: ta layin burodi, ta manhajar banki da ke tsayawa daidai lokacin da mai kanti ya zuba maka ido, ta sauro. Wasu sun yi kyau, wasu shirme. Sai ya yi wata a kan yaron da ke kawo mana ruwa. Wannan yaro mutumin Habasha ne, cikin waɗanda yaƙin Tigrai ya koro a ƙarshen 2020, lokacin da aka sake buɗe sansanin Um Rakuba a jiharmu. Larabcinsa a karye yake, yana mayar da namiji mace, yana kiran ganga da wani lafazi na daban. Waƙar gaba ɗaya a kan wannan lafazin aka gina ta, kuma ba zan ɓoye ba, ta ba da dariya ƙwarai. Ni ma na yi. Cikin kwana uku yaran unguwa suka haddace ta, suna bin amalankensa suna rerawa. A rana ta huɗu bai zo ba. Ta biyar ma haka. Muka koma sayen ruwa daga nesa da tsada, buta mai yoyo ma ta zama abin tattali.

Gwaggo ce ta kira shi, ba wasan jika a muryarta ko kaɗan. Ta ce, "Zo nan. Kai ɗan wane ne?" Ya yi shiru. Ta ce, "Ni da kake gani, ina yarinya idan na je kasuwa na buɗe baki, sai 'yan mata su bi ni suna kwaikwayon Larabcina, suna ce mini 'yar Fallata. Uwata har ta rasu ba ta yarda ta yi ciniki da bakinta ba, sai dai ta nuna da hannu. Yau jikana ne ya zama mai bin mutane." Ba ta ƙara ko kalma ba. Mu da muke wurin kowa ya sunkuyar da kai, domin ba wanda bai san zancen ba. Mu ne mutanen da ake ba da labarin ban dariya a kan harshensu a ƙasar da aka haifi kakanninsu, kuma a Yulin 2022, lokacin rikicin jihar Nilul Azraƙ da aka kashe Hausawa da dama har muka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Hartum, mun ga inda maganar "ku ba 'yan nan ba ne" take ƙarewa idan ta tashi daga wasa.

Na yi ta tunanin bambancin waƙoƙin nan biyu, don marubucinsu ɗaya, ma'auninsu ɗaya, dukansu gaskiya suka faɗa, dukansu sun ba da dariya. Ashe gaskiya kaɗai ba ta wanke raha. A waƙar buta mai waƙar yana cikin layin, ya fara da kansa, kuma duk wanda ya taɓa yana da bakin ramawa. Gwaggo ta rama a daren, ni ma na rama da na huce. Haka wasan Bahaushe yake tun asali. Taubasai suna yi wa juna, jika da kaka, Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, kowa yana da izinin mayar da martani, shi ya sa ba a fushi. Yaron ruwa ba shi da wannan izinin. Ba shi da harshen da zai rama da shi, harshen ma shi ne abin dariyar, kuma cin abincinsa yana hannunmu. Abin da Suratul Hujurati ta hana ke nan, na kuma karantar da ayar sau ba adadi, amma ranar da aka rera waƙar a tsakar gidana dariya na yi. Sauƙin da ya sa waƙar buta ta isa makarantu cikin kwana biyu, shi ne ya sa wannan ta isa bakin yaran unguwa cikin kwana uku. Ƙasidata mai baiti 64 ba za ta taɓa korar kowa daga unguwa ba, tun da ba mai iya haddace ta.

Gwaggo ta sa shi ya je ya nemo yaron a wurin da masu karo ke ɗibar ruwa. Ya yi yini biyu yana nema. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, don da ya dawo bai yi bayani ba, ni kuma ban matsa ba. Yaron ya dawo kawo mana ruwa, a kan farashin da. Sai dai a da yakan shigo ya zauna a ba shi shayi, yanzu a ƙofa yake tsayawa, ya juye, ya karɓi kuɗinsa da hannu ba tare da ya buɗe baki ba. Waƙar kuwa an goge ta daga wayoyin gidanmu, amma ranar nan na ji wani yaro da ban sani ba yana rera ta a bakin kasuwar amfanin gona.

A Janairun 2025 sojoji suka karɓe Madani, bayan 'yan watanni baƙinmu suka fara komawa. Likita ya riga kowa, kafinta ya bi shi, don ya ce garin da aka fasa wa ƙofofi ba zai rasa aikin kafinta ba. Gwaggo da za ta tafi ta sa butar nan mai yoyo a cikin kayanta, na ce, "Gwaggo, ki ɗauki mai kyau mana," ta ce wannan take so. Matar ƙaninmu har yau ba labarin mijinta. Daren da za su tashi ta sa yaron ya rubuta mata waƙar buta a takarda da haruffan Larabci, ta ninke ta sa cikin jakar da take ajiye takardar aurensu.

Gidan ya koma mutum 7, makewayi ba layi. Marsiyyata na zauna na rage ta, na cire duk baitin da na san don a ce na iya na sa shi, saura 11, kuma ina shakkar uku daga ciki. Tun daminar da ta wuce kuma nake fama da wata 'yar waƙa da Hausa, a kan ranar da lakar Gadarif ta cire mini takalmi ɗaya a gaban ɗalibaina, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe ina riƙe da Diwanin Mutanabbi. Layi biyu na farko sun zauna. Na aika wa ɗan yayata ta waya, ya turo mini murya yana cewa, "Kawu, na biyun ya yi, amma na farkon har yanzu da rawani a kansa." Wata huɗu ke nan ina neman layi na uku.